Kada ka bari a sauke giyar nan tukuna

Ɗan'uwa, tun kafin in kai ƙarshen rubutunka gabana ya faɗi, don abin da ka lissafa shi ne ya same ni, ba ragi ba ƙari. Ka ce ka sayi jif ɗin ta hannu, cikin ƙananan nan masu zafin injin, a miƙaƙƙiyar hanya lafiya lau take, amma da ka karya sitiyari a hankali ko ka taka totur daga tsaye sai ta riƙa fizga tana kakkarwa, kuma bakanike ya ce giya ce, a sauke. Don girman Allah kada ka ba shi makulli tukuna.

Ni ma haka aka ce mini. Mutumin ko zagaye ɗaya bai yi da motar ba, kwamfuta ma bai sa mata ba. Ya tsaya ya saurari bayanina yana kaɗa kai, ya ce ya san ciwon, ya gyara irinta ba adadi. Ranar da na koma duba aiki na tarar da motata a ɗage, cikinta a buɗe, an baje kayan giya a kan kwali a ƙasa, ƙura na sauka a kansu, wani yaro yana wanke su da fetur a cikin yankakken galan. Wallahi sai da na nemi wuri na zauna. Motar da na daɗe ina tara wa kuɗi, wadda ko ƙofarta ba na bari a buga da ƙarfi. Na tambaye shi me ya gani a ciki, ya ce ai sai an haɗa za a sani. Daga nan aka shiga yau da gobe. In na kira ba ya ɗauka, in na je a ce ya fita sayen kaya. Da ƙyar na karɓo ta, kuma tun a bakin garejin, ina karya kan motar, ta yi fizgar nan tata kamar ba a taɓa ta ba. Ƙari ma aka samu, yanzu tana ɗigar da mai. Da na yi magana sai ya ce wai tuƙina ne, irin waɗannan motoci ba kowa ya iya su ba. Wannan maganar ta fi kuɗin da ya ci ƙona mini rai, har yau in na tuna sai in ji wuyana ya ɗaure.

Wanda ya gano matsalar wani dattijon bakanike ne da bai ko buɗe bonet ba. Ya durƙusa ya karanta jikin tayoyin huɗu, ya sa ɗan ma'auni a zanensu, ya miƙe ya ce wa ya sa miki waɗannan, yana yi wa motar magana. Ashe wanda ya sayar mini ya sa sababbi biyu masu araha a baya don ta yi kyan gani, na wani kamfani daban, ya bar na gaba da suka kusa suɗewa. Allah ya isa tsakanina da shi, ya san abin da ya yi.

Ga yadda abin yake. Motocin nan ƙafa huɗu suke ja, kuma a bayan giya akwai wani akwati, tiransifa, mai faifan kuloci a cikin mai, shi ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya. Kwamfutar motar tana ƙirga juyin kowace taya. In tsayin tayoyin gaba da na baya ya bambanta, sai ta ga kullum wasu sun fi wasu saurin juyawa, kulocin ya yi ta kamawa yana saki, man ya yi zafi ya lalace. Kamar mutum biyu ne suka ɗauki gungume ɗaya, wannan dogo wancan gajere, dole wani ya riƙa jan wani. Kada ka raina bambancin. Taya mai tsayin kusan santimita 74 tana juyawa sau 430 ko kusa da haka a kilomita ɗaya. In zanen wata ya fi na wata da milimita 4, a kowane juyi an samu ratar kusan santimita biyu da rabi, wato sama da mita 10 a kowane kilomita, kuma kulocin nan ne ke shanye ta.

Saboda haka ka fara da taya. Lambobin jikinsu su zama daidai da na takardar da ke manne a jikin ƙofar direba. Kada faɗin na baya ya ruɗe ka, da yawa haka aka ƙera su: Porsche Macan mai rim inci 21 tana ɗaukar 265/40 a gaba da 295/35 a baya (lambar farko ita ce faɗin taya a milimita), faɗi ya bambanta amma tsayi kusan ɗaya. Ka nemi tambarin kamfani a jikin tayar, Porsche harafin N ne da lamba, BMW tauraro, Mercedes MO, Audi AO. Ba ado ba ne, an gwada tayar da motar ne. Lambobi huɗu na ƙarshen layin da ya fara da haruffan DOT a jikin tayar kuma su ne mako da shekarar da aka yi ta, 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Ni yanzu huɗu nake canzawa tare, kamfani ɗaya, ko da aljihu zai yi kuka.

Bayan taya sai man tiransifa. A zuba ainihin wanda kamfani ya rubuta, ba man giya na kowa da kowa ba, sannan a sa kwamfuta a goge abin da kwamfutar motar ta saba da shi don ta sake koyo. Tawa da aka yi waɗannan biyun fizgar ta ragu sosai, amma kulocin ya riga ya ci wuta a watannin da aka ɓata ana neman ciwo inda babu shi, daga baya sai da aka canza akwatin. Shi ya sa nake maka magiya, kai wataƙila da sauran lokaci.

Kuma ka tambayi bakaniken naka wace irin giya ce a motar, ka ji amsarsa. Macan mai fetur giyarta mai kuloci biyu ce da giya 7, ana ce mata PDK, BMW X3 M giya 8 ce ta kamfanin ZF, Mercedes GLC 63 giya 9. Ba aikinsu ɗaya ba, kuma mai kuloci biyu dama takan ɗan yi tsalle a cunkoso in ana jan jiki. Wanda bai san wannan ba bai kamata ya kwance ko noti ɗaya ba. In kuma kana inda sanyi ke sauka ƙasa da digiri 7, faffaɗar tayar zafi tana taurara, takan yi gurnani in ka karya sitiyari har ƙarshe. Wannan ba ciwo ba ne.

Na ga wasu a ƙasan tambayarka suna cewa ka sayar ka huta, wai wa ya aike ka. Raina ya ɓaci da na karanta. Mutum ya zo da damuwa, ba dariya ya zo nema ba. Gaskiya ne motar nan tana da ci. Nauyinta kusan tan biyu ne, irin su BMW X3 M Competition da Alfa Romeo Stelvio Quadrifoglio injinsu ƙarfin doki 510 ne ko kusa da haka, daga tsaye suna kai gudun kilomita 100 a awa cikin kusan daƙiƙa huɗu, to taya da birki ne ke biyan wannan. Amma wanda bai taɓa taka ta ta wuce babbar mota a kan hawa ba tare da fargaba ba, iyali na baya suna barcinsu, ba zai gane dalilin da muke haƙuri da ita ba. Ni ban sayar ba, kuma ba ni da niyya.

Tunda zance ya zo, ka bar baƙin mai ya yi zafi kafin ka matsa mata, ba ruwan lagireto kaɗai ba, mai ya fi jinkirin ɗumama. In ka yi gudu mai nisa ka sassauta a ƙarshen tafiya don turbo, na'urar da ke tura wa injin ƙarin iska, ta huce. Man birki a canza shi duk shekara biyu. Fetur kuma mai lambar inganci (oktan) 98 in da hali, kada ya gaza 95.

Ka ɗauko hoton gefen tayoyin nan huɗu yadda lambobi za su fito, da na takardar jikin ƙofa, ka turo nan mu duba tare. Ka kuma faɗa mana ko fizgar ta fi yawa da safe ne ko bayan motar ta yi zafi. Kafin nan ka rage yawo da ita. Allah ya sa abin ya tsaya a taya.