Yara sun manne wa waya a hutu: abin da muke yi a gidanmu

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kin ce kuna zaune a Legas, yaranki uku sun manne wa waya, Hausarsu ta fara tsinkewa, kina neman abin da za ku riƙa yi tare na sana'ar hannu da kiɗa da waƙa wanda zai haɗa su da al'adarmu a wannan hutun. Ni a Kano nake, amma kada ki ɗauka zaman Kano ya raba mu da matsalar. Namu ma sai da muka tashi tsaye.

Abin da na gani shi ne, yaro ba ya riƙe abin da aka nuna masa kawai, sai wanda ya sa hannu a ciki. Ranar al'ada da makarantu ke yi, a sa wa yaro babbar riga a naɗa masa rawani a ɗauki hoto, ban raina ta ba, amma washegari an wuce wurin.

Ki fara da rini, shi ya fi kama yara. Sayi farin yadi na auduga, ki yayyanka kamar girman kallabi, ki samo galura kala biyu da zare mai ƙwari. Kowane yaro ya tsuke yadinsa, ya ƙulle 'yan tsakuwa ko wake a ciki, ya ɗaure tam. Inda zaren ya matse rini ba ya shiga, shi ne zanen ke fitowa. Lokacin kwancewa ne daɗin yake, don babu wanda ya san abin da zai gani, kuma ba za a samu biyu iri ɗaya ba. Autata har yau da nata take ɗaure kai in za ta Islamiyya. Sai dai haɗin ruwan ke za ki yi da kanki, da safar hannu, domin sodar da ake zubawa tana cin fata.

In Allah ya kawo ku Kano, to kai su marinar Ƙofar Mata, wadda aka rubuta shekarar 1498 a ƙofarta. A can da baba da toka ake haɗa rinin a cikin ramuka masu zurfi, a bar shi kwanaki ya nuna. Ki sa yara su tsaya kusa su ga marini ya tsoma yadi ya ɗago: zai fito da ɗan kore-kore, yana shan iska yana komawa shuɗi a gaban idonsu. Sai ya sake tsomawa, ya sake ɗagowa, har launin ya kai yadda ake so. Daga nan ku leƙa wurin mabuga, inda ake jibgar yadi da guduman katako a kan gungume har ya yi sheƙi. Sautin bugun nan kaɗai kiɗa ne, nawa sai da suka kama rausaya kai. Gidan tarihi na Gidan Makama ba nisa, kusa da fadar Sarki, ga kuma kasuwar Kurmi da ta samo asali tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, inda za su ga dukawa da masu ɗinkin hula suna aiki. Ku je da safe kafin rana ta yi zafi, ku nemi izini kafin ɗaukar hoto, kuma don Allah ku sayi wani abu ko ƙarami ne. Ramuka da yawa sun cike da ƙasa saboda rashin ciniki, abin yana ci min rai.

Batun kiɗa kuwa, na san akwai gidajen da maigida ba ya so, kuma ba sai an yi rigima ba. Gaɗa da tafi ake yin ta. Waƙar daka da lugude a turmi ma haka. In babu damuwa, ki kifa ƙwarya a cikin baho mai ruwa, ki ba su 'yan sanduna: za su ji sautin ya yi zurfi, in an ɗan ɗaga ƙwaryar ya sauya. Shantu kuma, wanda ake yi da dogon duma ana buga shi a cinya ana toshe bakinsa da tafin hannu, 'yan mata na sonsa ƙwarai.

Amma fa ke kaɗai ba za ki iya ba. Waƙoƙin nan suna bakin tsofaffi. Mu Hajiya, kakar yaran, ita ce malamarmu. Ke da kike nesa, wayar da kike kuka da ita ce za ta yi miki aiki: bayan sallar isha ki kira Hajiyarku ta bidiyo, ta ce "Ga ta nan, ga ta nanku", su amsa "Ta zo mu ji ta". Ki naɗi muryarta ki ajiye. Washegari ki ba su takarda su zana Gizo da Ƙoƙi yadda suka hango su, ko ki samo yumɓu su gina dabbobin tatsuniyar. In suna ginin, fito da takardar naira 20 ki nuna musu Ladi Kwali, maginiyar tukwane 'yar Gwari da aikin yumɓu ya kai ta har Ingila da Amurka.

Lalle ma yana haɗa mata da 'ya'yansu, amma ki tsaya kan jan lalle na ganye. Baƙin nan da ake haɗawa da rinin gashi yana tayar wa wasu yara ƙuraje.

Kayan duk za ki samu a Legas. Ki tambayi 'yan'uwanmu na Agege ko Idi-Araba, ba za a rasa mai ƙwarya da galura da kaba ba, wataƙila har da dattijuwar da za ta koya wa babbar 'yarki saƙar faifai. Ki gayyato yaran maƙwabta ko gida biyu ne, don gaɗa ba ta yiwuwa da mutum uku.