Faso a dunduniya, cin ruwa a yatsu: maganina ɗaya da na mahaifiyata mai ciwon suga?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Duk hunturu dunduniyata sai ta yi faso har da jini, ga tsakanin ƙananan yatsuna ya yi fari yana ƙaiƙayi da wari. Ina shafe ƙafar gaba ɗaya da basilin amma ƙaiƙayin sai ƙaruwa yake. Mahaifiyata ma tana da fason, ita kuma shekararta 9 da ciwon suga, mai yankan farce ke kankare mata kaushin da reza. Maganinmu ɗaya ne? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Maganinku ba ɗaya ba ne. Kafin komai, daga yau kada reza ta sake taɓa ƙafar Mama. Dalilin na tafe, amma bari mu fara da taki ƙafar.

Ciwo biyu gare ki, kuma abin da wannan ke so shi wancan ke ƙi. Dunduniya ta bushe tana neman mai, tsakanin yatsu ya jiƙe yana neman iska. Basilin ɗin da kike cusawa tsakanin yatsun shi ke kulle danshi, shi ya sa ƙaiƙayin ke ƙaruwa.

Fatar tafin ƙafa ba ta fitar da maiƙo kamar ta fuska, gumi kaɗai take yi. A ƙarƙashin dunduniya akwai kitse da ke bajewa gefe da gefe duk lokacin da aka taka. Idan fatar gefen ta yi kauri, iskar hunturu ta busar da ita, ba za ta iya miƙewa ba, sai ta dare kamar ƙasar fadama da rani. Silifas na ƙara wannan domin ba shi da bayan da zai riƙe dunduniyar. Haka ma tsayuwa cikin ruwan omo wajen wanki, yana wanke ɗan laushin da ya rage.

Da daddare ki sa ƙafar a ruwan ɗumi na minti 10, ki goge kaushin da dutse a hankali, sau 2 ko 3 a sati ba kullum ba. Gugar da ta wuce kima kan sa fata ta ƙara kauri don kare kanta. Ki tsane ƙafar, tun tana da ɗan danshi ki shafa man da ke ɗauke da sinadarin yuriya kashi 10 zuwa 25 cikin ɗari, ana samunsa a kemis. Shi ke tausasa kaurin. Basilin da man kaɗanya aikinsu tsare danshi ne, don haka su ake ɗorawa a sama. Sai ki sa safar auduga ki kwanta. Inda ke jini kuwa a bar yuriya tukuna, zai yi raɗaɗi: a wanke da ruwa da sabulu, a sa basilin, a rufe da filasta har bakin ya haɗe. Yawanci cikin sati 2 ake ganin canji.

Cin ruwa ƙwayar cuta ce dangin mai kawo makero, kuma ta fi son lungun da ke tsakanin ƙaramin yatsa da na kusa da shi domin ya fi ko'ina matsi. Wankewa a alwala sau biyar alheri ne ga ƙafa. Matsalar ita ce ruwan da ke kwanciya a lungun bayan an idar, a zura ƙafa a takalmi a haka. Ki ware ɗan ƙyalle na tsane tsakanin yatsu kaɗai. Ki nemi man da aka rubuta Clotrimazole kashi 1 a jikinsa, ki shafa safe da dare har sati 4, ko Terbinafine na sati 1 zuwa 2. Ƙaiƙayin zai lafa cikin kwanaki kaɗan, kuma nan ne akasarin mutane ke kuskure, su daina shafawa, ciwon ya dawo. Ki karanta jikin kwalin da kyau: duk wanda aka haɗa da Betamethasone ko Clobetasol ki bar shi, yana kwantar da ƙaiƙayi amma yana raunana fata ya ba ƙwayar damar yaɗuwa. Ki canza safa kullum, ki shanya takalma a rana, ki daina haɗa silifas ɗin banɗaki da sauran mutanen gida. Idan farce ya yi kauri, ya canza launi yana marmashewa, mai ba ya ratsa shi, sai ƙwayar sha ta kimanin wata 3 da likita zai rubuta.

Batun Mama shi ya fi damuna. Suga idan ya daɗe yana hawa yakan lalata jijiyoyin da ke kai saƙon zafi daga ƙafa, ya kuma ƙuntata hanyoyin jini. Sai reza ta yanke ta ba ta ji ba, yankan kuma ya ƙi warkewa domin jini ba ya isa sosai. Mafi yawan ƙafafun da ake yankewa masu ciwon suga daga ɗan gyambo irin wannan suke farawa, ko da rezar sabuwa ce. Ki tambaye ta ko tana jin kamar tana taka auduga, ko zugi da tsira kamar allura da daddare, ko silifas na suɓuce mata ba ta sani ba. Waɗannan alamu ne jijiyoyin sun taɓu.

Ita ba a jiƙa mata ƙafa a ruwa, jiƙon na sa fatar ta yi laushin da ke saurin ɓarewa. Wanka kawai, kuma a gwada ɗumin ruwan da gwiwar hannu tukuna. Man yuriya mai kashi 10 ya dace da ita, ban da tsakanin yatsu. Kullum, ko bayan sallar Isha'i ne, wani ya haska tocila ya duba tafin ƙafar, dunduniya da lungunan yatsu. Lalle mai duhu kan ɓoye ja da baƙin da muke nema, gara ta taƙaita shi ko ta bar tafin ƙafar. Kada ta miƙa ƙafa kusa da kaskon gawayi da sanyin nan, safa ta ishe ta. Kada ta taka ƙasa ba takalmi ko a tsakar gida, balle simintin da ke ɗaukar zafi a watan Maris da Afrilu. A zazzage takalmi a shafa cikinsa da hannu kafin ta sa, tsakuwa ɗaya ta isa. Farce a yanke shi a miƙe, kada a bi lungun gefe, a nan ne yake komawa ya shige nama. Kaushi mai kauri kuwa ma'aikacin asibiti ne zai rage shi.

Takalmin da ya dace da ku duka biyun shi ne mai rufin baya, mai faɗin gaba, da sararin faɗin babban yatsan hannu tsakanin dogon yatsa da bakin takalmin. A saye shi da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura.   

A kai Mama asibiti cikin satin nan a duba fason, a taɓa bugun jinin ƙafar, a yi mata gwajin ji da wani siririn zaren roba da ake danna wa tafin ƙafa. Ana maimaita wannan aƙalla sau ɗaya a shekara. Amma idan kika ga ja na yaɗuwa, mugunya, wari, yatsa ya yi baƙi, ko ƙafa ɗaya ta kumbura ta ɗau zafi ko da babu rauni, a ranar za a tafi, kuma asibiti ba wajen mai ɗori ba.