Kura 'yar uwar kare ce ko ta kyanwa?

Tambaya: Malam, a littafin nazarin halittu na ga an ce kura ta fi kusanci da kyanwa a kan kare, alhali kowa ya kalle ta kare yake gani. Kuma kalmomin da ake rarraba dabbobi da su sun rikita ni. Ina neman ƙarin haske.

Amsa: Littafin bai yi kuskure ba. Amma sai an san matakan rarrabawar kafin maganar ta zauna. Bakwai ne, daga mafi faɗi zuwa mafi ƙanƙanta: masarauta, reshe, aji, sahu, dangi, gida, jinsi. Hausantarwa ce don sauƙi. A littattafai za ka tarar da su da Latin, inda gida shi ne genus, jinsi kuma species. Masanin Suwidin Carl Linnaeus ne ya kafa tsarin, kuma daga bugu na 10 na littafinsa Systema Naturae, na 1758, ake fara lissafin sunayen dabbobi. Matakin reshe daga baya ya shigo, ta hannun Bajamushe Ernst Haeckel a 1866.

Kura, kare da kyanwa tafiyarsu ɗaya har mataki na huɗu: masarautar Animalia, reshen Chordata, ajin Mammalia na masu shayarwa, da sahun Carnivora. Sunan sahun na nufin maciya nama, sai dai ba abinci ne ke shigar da dabba cikinsa ba, asali ne da tsarin haƙori. Panda, wata dabbar ƙasar Sin, gora take ci, kuma tana ciki.

A nan hanya ta rabu biyu. Akwai ɓangaren kyanwa, Feliformia, da na kare, Caniformia. Abin da masana suka duba yana ƙasan ƙoƙon kai: wani kumburin ƙashi da ya rufe tsakiyar kunne. A 'yan ɓangaren kyanwa yawanci ɗaki biyu ne da shamaki a tsakani, a na kare ɗaki ɗaya. Kunnen kura na ɓangaren kyanwa ne, kuma binciken ƙwayoyin gado ya tabbatar da haka. Dogayen ƙafafu da faratan da ba sa komawa ciki, irin rayuwa ce ta kawo su, don kura da kare duk a guje suke bin nama a fili. Kama da wane ba ta wane ba. Shi kansa Linnaeus ya faɗa tarkon, ya sa wa kura mai zane suna Canis hyaena, wato ya kai ta gidan kare.

Yau kuraye na da danginsu, Hyaenidae, mai jinsi 4 kacal. Lura da ƙarshen kalmar: duk sunan dangin dabba yana ƙarewa da -idae, ƙaramin dangi da -inae. Felidae na su zaki da damisa ne, Canidae na kare da dila.

Jinsi shi ne dabbobin da ke barbarar juna su haifi 'ya'ya masu haihuwa. Doki da jaki gidansu ɗaya, Equus, amma jinsinsu daban, don alfadarin da suke haifa kusan kullum ba ya haihuwa. Doki na da ƙunshin gado, wato chromosome, guda 64, jaki 62, alfadari ya tashi da 63, ba sa jeruwa bibbiyu.

Wajen rubutu ɗalibai suka fi zubar da maki. Sunan jinsi kalma biyu ne, kamar Panthera leo na zaki: ta farko da babban harafi, ta biyu da ƙarami ko da daga sunan mutum aka ciro ta. A bugu ana karkata haruffan, da hannu a ja layi ƙarƙashin kowace kalma. Ba a rubuta leo ita kaɗai. Idan ka ga Hyaena hyaena (Linnaeus, 1758), sunan kura mai zane a yanzu, bakan da ya kewaye sunan masanin yana nuna an ɗauke dabbar daga gidan da ya fara sa ta.