Jigo, kura da kurciya: amsoshin tambayoyinku

Wata ɗaliba mai karatun Hausa ta rubuto tana cewa: "Assalamu alaikum Malam. An ba mu aikin fitar da jigon wani littafi. Na taƙaita labarin tun daga farko har ƙarshe, amma malaminmu ya ce ko kusa ban taɓo jigo ba. To mene ne jigon?"

Wa'alaikumus salam, 'yata. Malaminki ya yi gaskiya, amma kada ranki ya ɓaci, kusan kowane ɗalibi a nan yake fara tuntuɓe. Kalmar ta girmi ajin adabi. Jigo shi ne itacen nan da ake kafawa a bakin rijiya ko rafi, wanda ke ɗauke da guga idan za a yi ban ruwa. Daga nan aka samu "jigon gida" da "jigon jam'iyya", wato mutumin da nauyi ya rataya a wuyansa. Masu nazari suka ari kalmar suka ba wa saƙon da dukan labari ko waƙa ya rataya a kansa. Abin da kika kai wa malaminki jerin abubuwan da suka faru ne. Shi kuwa so yake ki gaya masa abin da marubucin ke nufin cusa wa mai karatu da ya jera su haka.

Ɗauki Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, ɗaya daga cikin ƙagaggun labaran farko da aka buga a Zariya a shekarun 1930. In kin ce wani attajiri ya aure budurwar wani saurayi, saurayin ya tafi neman hanyar huce haushinsa ta kan ɗan da suka haifa, labari kika ba da. In kin ce littafin yana nuna yadda ramuwar gayya ke cinye mai yin ta tare da wanda aka yi wa, kin kama jigo. Sauran aikin shi ne ki kawo hujja daga cikin littafin, wuri-wuri, wanda malamai ke kira warwarar jigo.

Ki gwada kanki da karin magana, domin ita gajera ce. "Kome nisan jifa ƙasa zai faɗo" da "Kome nisan dare gari zai waye" ƙirarsu ɗaya, kamar wa da ƙane, amma jigonsu ya sha bamban. Ta farko mai ɗagawa ake yi wa ita, ta biyu kuwa wanda ke cikin ƙunci ake rarrashi da ita. 'Yar'uwar ta farko ta wajen jigo ita ce "Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya", ga shi kuwa ba su haɗa ko kalma ɗaya ba.

Tambaya ta biyu daga wani malamin firamare ce. Ya ce: "Allah ya gafarta Malam, ina haɗa wa yara jadawalin dabbobi da abin da kowace ke wakilta: zaki sarauta, gizo wayo, kura kwaɗayi. Na yi daidai?"

Malam, Allah ya saka maka da alheri bisa wannan ƙoƙari. Ga yara ƙanana jadawalin ba laifi a matsayin mafari, sai dai ina roƙonka kada su bar hannunka suna zaton iyakar abin ke nan. Kurar nan kaɗai ta isa ta rusa shi.

Gaskiya ne an san ta da zari. Shi ya sa ba a ba ta ajiyar nama, kuma mugun da ya shigo da fuskar salihai ake ce masa kura da fatar akuya. To amma dubi "In kura na maganin zawo, ta yi wa kanta". A nan ba ruwanmu da kwaɗayinta, mai da'awar gyara wasu alhali nasa a lalace ake nufi. Dubi kuma "Ko kura ta san gidan mai babbar sanda", inda ta zama azzalumin da ke zaɓen wanda zai taɓa, domin tsoro ne fal cikinsa. Wadda ta fi taɓa ni ita ce "Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi". Ga dabba da takunkumi a baki da sarƙa a wuya, ita ake duka don 'yan kallo su ji daɗi, abin da aka samu kuma ya shige aljihun gardi. Dabbar da ake tsoro a daji ita ce a nan abar tausayi, kuma duk leburan da ya yi wuni cur yana aiki wani ya kwashe ladan ya san da shi ake. Yaron da aka haddatar wa "kura daidai take da kwaɗayi" zai karanta wannan karin maganar a baibai.

Tunda koyarwa kake yi, bari in ƙara maka da yadda ake rarrabe waɗannan dabaru a nazarin adabin Hausa, bisa tsarin da Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo na Jami'ar Bayero ta Kano ya shimfiɗa wajen feɗe waƙa. In mawaƙi ya ce sarki kamar giwa yake, kamantawa ya yi, domin ga "kamar" nan a fili, ko "tamkar". In ya ce sarki giwa ne, siffantawa ke nan. In kuwa ya yi ta zancen giwa mai karya itace bai ambaci sarki ba sam, ya bar wa mai sauraro ya gane da kansa, wannan ita ce alamtarwa. Ita ta fi wuyar sha'ani, domin rabin aikin yana hannun mai ji. Masu zambo da habaici a nan suke fakewa: a faɗi magana ta isa inda aka aike ta, amma in an tuhumi mai ita ya ce shi da dabba yake.

Ko dabba ɗaya ce, halinta kan sauya daga adabi zuwa adabi. A tatsuniyoyinmu dila malamin daji ne, shi ake kai wa shari'a ya warware ta da hikima. A Kalila wa Dimna, wanda asalinsa daga Indiya ne kuma Ibnul Muƙaffa ya mayar da shi Larabci a ƙarni na 8, Dimna ma dila ne, amma shi annamimi ne da ya shiga tsakanin zaki da sa har zaki ya kashe amininsa.

Ta ƙarshe daga wata baiwar Allah ce mai sha'awar zane: "Malam, na ga ana zana farar kurciya a matsayin alamar zaman lafiya. Haka take a ko'ina? Kuma fari kullum alheri ne?"

Malama, wannan ma'ana tana da tarihi. Tushenta ƙissar Annabi Nuhu ce yadda ta zo a Attaura, inda kurciya ta komo jirgi da ganyen zaitun a baki, alamar ruwan ɗufana ya janye. A zamaninmu kuwa ta ƙara bazuwa bayan 1949, lokacin da aka sa zanen kurciya na Pablo Picasso a allon tallar taron zaman lafiya na duniya da aka yi a Paris. Amma a Hausa in kika ji an ce "an yi masa kurciya", babu zancen lafiya a ciki, sammu ake nufi, irin wanda ake cewa yana raba mutum da gida ya shiga uwa duniya.

Fari ma haka. Muna da farin ciki da farin jini, amma muna da farar ƙafa, sunan da ake laƙaba wa wadda aka camfa da rashin sa'a, kuma zalunci ne tsantsa a kan mata. A ƙasar Sin fari launin makoki ne. Saboda haka in zane ya zo gabanki, fara da tambayar wanda ya yi shi, da lokacin da ya yi, da mutanen da ya yi wa. Bayan nan sai ki duba me tsuntsuwar ke riƙe da shi, kuma a sake take ko a cikin keji.