Me ya sa wasu jihohin Amurka suka hana zuba wa barewa masara lokacin farauta?

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa maharbi a Texas yake zuba masara a gonarsa ya jira barewa ta zo, amma a kudancin Michigan yin haka laifi ne. Dokar farauta a can ta kowace jiha ce, kuma ɗaya daga cikin manyan abubuwan da ke raba su shi ne cuta.

Akwai wata cutar ƙwaƙwalwa da ake kira CWD, wadda aka fara ganinta a Colorado a 1967. Barewar da ta kamu ramewa take yi har ta mutu, babu magani, babu rigakafi. Tana yaɗuwa ta yawu da fitsari da kashi, kuma abin da ke haddasa ta yakan yi shekara da shekaru a cikin ƙasa. To ka ga idan aka tara masara wuri guda, bareyi masu yawa suna sa baki a kai kullum, guda ɗaya mai ciwo ta isa ta shafa wa saura. Shi ya sa Michigan ta haramta zuba abinci a duk yankinta na kudu tun 2019. Wisconsin, wadda cutar ta ɓulla mata a 2002, ta hana a gundumomin da aka samu cutar, sauran kuma ba a wuce galan 2.

Masu adawa da hanin suna cewa tsofaffi da yara sun fi samun sa'ar farauta idan an zuba masara, manoma ma suna ciniki. Gaskiya ne, amma ni ina goyon bayan hanin a duk inda cutar ta shiga, domin ƙasar da ta gurɓata ba a san yadda za a wanke ta ba.