Tambaya da Amsa: Tablon gine-ginen Fir'auna, zanen hannu ne ko aikin inji?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam, barka da aiki. Ni ɗan Zengou ne nan Damagaram, na buɗe ɗan masaukin baƙi, ina son in ƙawata falo. Na ga wani a Facebook yana tallan tablo na tsofaffin wuraren bautar Masar, wai kwafin zanen wani Bature ne na da can, kuma wai da hannu aka zana, ya ce jaka sittin ɗaya. Dan Allah wane ne wannan Baturen, kuma ya zan gane ba a cuce ni ba?

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya sa albarka a masaukin. Da yawa daga irin tablon nan da ke yawo a intanet daga aikin David Roberts aka kwafo su, mutumin Sukotland, an haife shi 1796 ya rasu 1864. Da fentin gidaje ya fara, sannan ya koma zana bangon gidan wasan kwaikwayo, shi ya sa in ka duba aikinsa za ka ga ya iya sa gini ya yi kwarjini, sai ya dasa ƴan mutane ƙanana a gindin ginshiƙi don ka ji girman abin a jikinka. Haka masu zanen Turai na lokacin suke so, kufai da rairayi da rana mai shirin faɗuwa, abin da zai taɓa zuciya dai.

A 1838 ya sauka Iskandariya, ya ɗauki jirgin ruwa ya bi kogin Nilu kudu har Abu Simbel, yana tsayawa yana zane, Karnak, Luksor, Edfu, Dendera, Filae. Lokacin ba kamara fa, sai 1839 aka bayyana wa duniya dabarar ɗaukar hoto. Ni abin da ya sa nake ƙaunar zanen nan ke nan, yana nuna maka wuraren a yanayin da yau ko ka biya kuɗin jirgi ka je ba za ka same su haka ba. A Abu Simbel rairayi ya binne wani sashe na manyan gumakan Fir'auna Ramsis na biyu, kuma ma ginin ba a nan yake yanzu ba, tsakanin 1964 da 1968 aka yayyanka dutsen aka ɗaga shi sama kimanin mita 65 saboda ruwan madatsar Aswan. Filae ma an kwashe ta zuwa tsibirin Agilkiya, kuma launin da Roberts ya gani a kawunan ginshiƙanta, kore da shuɗi, ruwan tsohuwar madatsar 1902 ya wanke shi. Edfu kuwa ƙasa ta cika shi har mutane sun yi ɗakuna a kan rufinsa, sai wajen 1860 Mariyet Bafaranshe ya fara tone shi.

To ga abin da mai talla ba zai gaya maka ba. Yawancin hotunan nan da aka sani bugun dutse ne, Louis Haghe ɗan Beljiyam shi ya sake zana su a kan dutse aka buga a Landan tsakanin 1842 da 1849, guda 247 har da na Falasɗinu da Sham. Kenan in an kawo maka shi da fenti mai mai a kan yadi, kaurin fentin da zafin launin duk zaɓin mai kwafin ne. Ba laifi a ciki, mutumin ya rasu shekara sama da 150, kowa na iya kwafa, amma kar wani ya ce maka tsohon kaya ne ya tsuga maka kuɗi. Da yawa daga Sin suke fitowa, akwai wata unguwa Dafen a birnin Shenzhen da sana'arsu kenan, kwafar zanen Turawa.

Cutar da ake yi ita ce a buga hoton da inji a kan yadi, a ɗan shafa fenti ko wani abu mai ƙyalli a sama a ce zanen hannu. Kar ka tura ko dala sai ka riƙe shi. Sa kamarar salularka kusa da inda aka zana sararin sama a jikin tablon ka yi zumin sosai, in ka ga ƙananan ɗige-ɗige jere reras, inji ne. Karkata shi wajen taga, a zanen gaske sawun buroshi yana bin siffar abin da aka zana, ginshiƙi a tsaye, rairayi a kwance, na jabu kuwa shafar ba ruwanta da hoton da ke ƙasa. Juya bayansa ma ka duba bakin yadin, mai zane yakan bar ɗigon fenti da gefe marar daidai. In kuma yana da guda biyu iri ɗaya ka jera su, hannun mutum ba ya maimaita kansa sak.

Gaskiya da ni ne, jaka sittin ɗin nan a gida zan kashe ta. Garin da maginansa suka yi wa gidajen unguwar Birni ta Damagaram wannan adon bango ba zai rasa mai hannu ba, akwai yara masu zana allunan shaguna da za su yi maka abin mamaki in ka buga musu hoton mai kyau, ka saya musu fenti na kirki, ka ba su lokaci, don fenti mai mai sai ya yi makonni kafin ya bushe, kar ka matsa. Kuma kana kallon aikin da idonka.

Tunda baƙi iri-iri za su zauna a falon, wasu ba sa son ganin gumaka a bango, hukuncin wannan sai ka tambayi malaminka, amma akwai waɗanda ginshiƙai da kogi da dabino suka fi yawa a ciki, na tsibirin Filae daga nesa misali. Ka rataye shi inda rana ba ta dukansa, ka ɗan raba shi da bango saboda gara, lokacin hunturu kuma a kakkaɓe ƙurar da buroshi mai laushi, ban da jiƙaƙƙen tsumma.