Na saka kuɗi a wurin aikin haɗaka, har yanzu ba a buɗe ba: ina da ikon ɗaukar kayan?

Wa'alaikumus salam Malam. Na karanta saƙonka sau biyu. A taƙaice kace wani matashi ya tallata a Facebook da WhatsApp cewa zai buɗe wurin aiki na haɗaka a wajen Zoo Road a Kano, irin wanda masu aikin kwamfuta ke biyan kuɗin tebur su samu wuta da intanet, ya nemi jama'a su yi karo-karo, kai ka tura naira dubu 600, yace maka "kana da kaso a ciki", yau wata tara ba a buɗe ba, kana kira sai yace a ƙara haƙuri. Yanzu kana so kaje ka kwance inbata da batura a matsayin kasonka, in ya hana ka kai shi wajen 'yan sanda.

Toh, ban ga takardunka ba, kuma ban ji ta bakinsa ba, saboda haka duk abin da zan faɗa akan abin da ka rubuto ne kawai. Amma don Allah kada ka taɓa inbatar nan.

Inda nake ganin ka samu kuskure shi ne ka ɗauka tunda kuɗinka ya shiga, ka zama mai wurin. A doka ba lallai haka ba ne. Wanda ya tura kuɗi a irin wannan karo-karon zai iya zama mai gudummawa wanda ba ya bin komai, ko wanda ya biya kuɗin tebur tun kafin a buɗe, ko mai bada rance, ko mai hannun jari, kuma haƙƙin kowannensu daban. Kalmar "kaso" da ya faɗa maka a baki ko a murya ta WhatsApp ba ta isa ta nuna wanne ne kai ba. Mai hannun jari a kamfani, a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta CAMA ta 2020, shi ne wanda aka ware masa hannun jari aka sa sunansa a rajistar kamfanin. An baka wata takarda? Ka duba a CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, ka ga sunanka? In kuma abin da ya yi wa rajista sunan kasuwanci ne kawai ba kamfani mai Limited ba, to babu ma hannun jarin da zai sayar maka tun farko, sai dai a yi maganar tarayya ko bashi.

Kuma ko da a ce sunanka na cikin rajistar, kayan kamfani na kamfani ne, ba na mai hannun jari ba. Inbata, kujeru, na'urar intanet, duk ba ka da ikon zuwa da a-kori-kura ka kwasa. Ranar da ka yi haka kai ne za ka koma wanda ake ƙara, shi kuma da ya riƙe maka kuɗi wata tara ya zama wanda aka zalunta.

Shi ma fa ba wai a tsaye yake daram ba, kuma gaskiya abin yana damuna yadda matasanmu ke karɓar kuɗin mutane ba tare da sun tambayi kowa ba. Kamfani mai zaman kansa, irin wanda ba PLC ba, ba shi da izinin gayyatar jama'a baki ɗaya su sayi hannun jarinsa, kuma mambobinsa ba sa wuce 50, sashe na 22 na CAMA ne ya faɗa. Hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari ta fitar da ƙa'idojin tara jari daga jama'a tun 2021, ta ce sai ta dandalin da ta yi wa rajista, kamfanin kuma galibi sai ya yi shekara biyu yana aiki, in bai kai ba sai yana da gogaggen abokin hulɗa ko babban mai zuba jari a bayansa, sannan akwai iyakar abin da za a tara a wata 12. Wanda ya sa lambar asusunsa a ƙasan hoto yace a turo, da wuya a ce ya bi wannan hanyar. Wannan yana ƙara maka ƙarfi a teburin sulhu, amma ba ya nufin kuɗinka zai dawo gobe.

Batun 'yan sanda. Dokar 'yan sanda ta 2020, sashe na 32, ta hana kama mutum akan saɓa alkawarin ciniki kawai. Damfara daban ce, sai an nuna tun lokacin da ya karɓi kuɗin ƙarya ya shirya. Kai da kanka ka ce ka je wurin, ka ga an yi fenti, an ja wayoyi, tebura na jingine a bango da ledarsu, ya biya hayar shekara. Wannan ya fi kama da wanda lissafi ya ƙwace masa, watakila tsadar kayan sola ta cinye kuɗin, ba wanda ya gudu da dukiyar mutane ba. In daga baya ta bayyana kuɗin ya tafi wajen sayen mota ko biki, magana ta canza, sai mu sake zama.

Na san za ka ce to a je kotun Musulunci. Kana iya zuwa, amma ka sani in alƙali ya kalli abin a matsayin ƙiradi, wato kai da dukiya shi da aiki, to asara akan mai dukiya take sai in an tabbatar da sakaci ko ya saɓa sharaɗin da kuka yi. Kaga wanda ya dage shi mai jari ne zai iya fita da ƙasa da wanda ya ce rance ya bayar. Shi ya sa nake cewa kada ka yi saurin sa wa kanka suna kafin lauya ya karanta saƙonninku. In kuma rigimar ta zama ta hannun jari a kamfani, Babbar Kotun Tarayya ce ke da hurumi, can kuma lokaci da kuɗin da za ka kashe zai iya kusan cinye dubu 600 ɗin.

Abin yi ba wani mai wahala ba ne. Ka adana tallar da ya yi, hirarku, saƙon murya, da bayanin banki na kuɗin da ka tura, kada ka goge komai kuma kada ka sayar da wayar. Lauya ya rubuta masa takarda a bashi kwana 14 ya kawo lissafin abin da ya tara da inda ya kashe. Ka nemi sauran da suka saka kuɗi ku yi magana da murya ɗaya, don in kowa ya bi shi shi kaɗai mai ƙarfin baki ne zai karɓe ɗan abin da ya rage. Amma banda zaginsa ko kiransa ɓarawo a Facebook, zai iya juyowa da ƙarar ɓata suna.

Daga nan sai zama, ko gaban mahaifinsa da wani dattijo da kuke jin nauyi, ko a cibiyar sulhu ta Multi-Door da ke ƙarƙashin Babbar Kotun jihar Kano, inda abin da kuka amince ake iya kai wa alƙali ya zama hukunci. Ni da zan zauna a gefenka, zan nemi ya amince a rubuce cewa kuɗin bashi ne a kansa, da ranakun biya kashi-kashi da wanda zai tsaya masa, ko kuma in har kana ganin wurin zai tashi, a sa sunanka a CAC yadda ya kamata tare da ranar buɗewa. Ka turo min hoton tallar da saƙon da ya ce kana da kaso, daga su zan iya gaya maka wanne ya fi maka.